SHIGA MAKARANTAR NAS A JALINGO: ME TSOHON MA'AIKACIN ASIBITI YA FI SABON ƊALIBI DA SHI?

Daga Wakilinmu na Arewa, Jalingo

Duk shekara in lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zo a Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Jihar Taraba da ke nan Jalingo, masu neman shiga sukan kasu gida biyu. Akwai yara matasa da suka fito daga sakandare jiya jiya, waɗanda ba su taɓa shiga asibiti ba sai ko don gaida mara lafiya. Akwai kuma manya, maza da mata, waɗanda suka riga suka sha warin asibiti: wani ya yi shekaru yana wanke gyambo a ɗakin shan magani na ƙauye, wata tana shara da gyaran gado a ɗakin haihuwa, wani kuwa yaron mai kemis ne. Dukansu benci ɗaya za su zauna, jarrabawa ɗaya za su ɗauka.

Abin da ya sa na ga ya kamata in kawo wannan magana a wannan shafi shi ne, da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal suna da 'ya'ya masu sha'awar aikin nas. Waɗansu ma sun riga sun sa 'ya'yansu koyon aiki a ƙananan asibitocin kuɗi na unguwa, suna jiran ranar da za a yaye su. To, kafin a ci gaba da kashe kuɗi, gara a san inda wannan koyo yake da amfani da inda ba shi da shi.

Wanda ya bar gida tun zamanin Jihar Gongola, in ya sauka a Jalingo yau sai an nuna masa hanya. A da garin Sarkin Muri ne kawai, kome na gwamnati sai an tafi Yola. Ran 27 ga watan Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Taraba daga Gongola, Jalingo ta zama hedkwatar jiha, wadda a yau take da ƙananan hukumomi 16. Yanzu akwai Asibitin Tarayya, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, ga jami'ar jiha da aka kafa a 2008, ga kuma ita wannan kwaleji ta nas. A Takum kuwa akwai Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya, inda ake horar da ma'aikatan lafiya na karkara. Daga irin waɗannan ma'aikata ne ake samun waɗansu manyan ɗaliban da muke magana a kansu.

ƘOFAR SHIGA ƊAYA CE

Aikin nas a ƙasar nan yana hannun Majalisar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya. Da can hukumomi biyu ne, ta unguwarzoma da ta nas, sai dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta gama su wuri ɗaya. Ita ce take duba makaranta ta ce ta isa ko ba ta isa ba, ita ce take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, ita ce kuma take shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da lasin. Wanda ba ya cikin littafinta ba nas ba ne a idon doka, ko da ya shekara 20 yana sa farin kaya.

Sharaɗin shiga kuwa kiredit biyar ne a jarrabawar gama sakandare: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma a same su cikin zama ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. A nan ne manya da yawa suke tuntuɓe. Mutum ya iya ɗaure karaya, ya iya nemo jijiya a hannun jariri cikin duhu, amma Fiziks ya kā da shi tun shekara goma da suka wuce. Ba a rangwame. Sai ya koma ya sake zama jarrabawar tare da ƙannensa.

Tsarin da aka saba shekara da shekaru shi ne karatun shekara uku, a fito da satifiket na nas mai rajista. A 'yan shekarun nan an juya makarantun zuwa tsarin kwaleji, ana bi ta jarrabawar JAMB, a yi difloma ta ƙasa shekara biyu, a ɗora babbar difloma shekara biyu, watau huɗu ke nan. Mai son digiri kuma sai jami'a, shekara biyar. Jami'ar Badun ce ta fara buɗe wannan fanni a 1965. Ko ta wace hanya aka bi, shekarun da mutum ya yi yana aiki a asibiti ba sa rage masa ko wata guda. Daga aji ɗaya zai fara.

WATA SHIDA NA FARKO

Duk wanda ya yi makarantar nas a ƙasar nan, in ka ambaci haruffan PTS sai ka ga ya yi murmushi ko ya girgiza kai. Watanni shida ne na share fage, waɗanda ake kammalawa da jarrabawa, wanda ya faɗi ya ɗaure akwatinsa. Sabon tsari ya raba karatu zango zango, amma zangon farko bai daina zama rariya ba. A cikinsa ne ake ɗora wa ɗalibi ilimin ƙirar jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi suke aiki, sunayen ƙasusuwa 206 na jikin baligi, ɗakuna huɗu na zuciya da yadda jini yake zagawa, ilimin ƙwayoyin cuta, da ka'idodin aikin jinya, duk da Turanci mai gauraye da Latin.

A nan yaron da ya fito sakandare bara ya fi tsohon ma'aikaci sa'a. Kansa bai huce ba, ya saba da hadda, ba shi da mata ko miji, ba mai aiko masa cewa hatsi ya ƙare a gida. Babba kuwa sai ya yi da gaske. Matar aure mai 'ya'ya uku da ta baro su a Zing ko Mutum Biyu wurin kakarsu, rabin hankalinta yana can. Duk da haka ba sabon abu ba ne babba ya shiga wannan karatu ya yi fice. Marigayiya Kofoworola Pratt ta yi shekaru tana koyarwa a makarantar 'yan mata a Ikko, kuma da aurenta ta shiga makarantar nas ta asibitin St Thomas a London a 1946. Ita ce ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci nas-nas na Asibitin Koyarwa na Badun a 1964.

Amma da zarar an bar aji an shiga ɗakin gwaji, sa'an nan aka fara tura ɗalibai ɗakunan majinyata, sai labari ya juya.

INDA SABO YAKE AMFANI

Abu na farko shi ne zuciya. Akwai ɗalibai masu ƙoƙari ƙwarai a takarda waɗanda ranar da suka fara ganin an buɗe ruɓaɓɓen ƙafar mai ciwon sukari, ko aka ce su kai wa tsoho fo su kuma wanke shi, daga ranar suka fara tunanin canja sana'a. Wanda ya taɓa aikin ya wuce wannan mataki tuntuni. Ya san warin, ya san kukan dangi in rai ya yi halinsa, ya san yadda ake kwana a tsaye a aikin dare. Bai shigo don farin kaya da hula ba. Ya san abin da ya saya.

Na biyu hannu ne. Gyaran gado da mara lafiya a kwance a kai, juya wanda ba ya iya motsi kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ɗaga mai nauyi ba tare da ka karya bayanka ba, sanya ma'aunin zafi da ɗaura abin awon jini, waɗannan duk sai an maimaita su sau ɗari kafin hannu ya faɗa. Sabon ɗalibi yana ƙirga bugun jijiya yana kallon agogo yana rawar jiki. Tsohon hannu kuwa yana ƙirgawa yana hira da mara lafiya, idonsa kuma yana kan numfashinsa da launin idonsa. Littafi zai gaya wa kowa cewa zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne, bugun zuciyar baligi 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Abin da littafi ba ya iya bayarwa shi ne idon da zai hango daga bakin ƙofa cewa mutumin gado na huɗu ba yadda aka bar shi da safe yake ba.

Na uku, kuma a ganina shi ne babba a jiha irin Taraba, shi ne harshe da sanin mutane. Nan jiha ce mai yare barkatai: Mumuye, Jukun, Fulani, Tibi, Kuteb, Chamba, Wurkun, Jenjo, Mambila, da sauransu da yawa. Hausa ce ta kasuwa, amma tsohuwar da aka ɗauko daga kan dutse a Yorro ko daga rugar da ke bayan Gassol, in ciwo ya yi tsanani da harshen uwarta take kuka. Ma'aikacin da ya zauna a ƙauye ya san yadda ake tambayar matar Fulani batun ciki ba tare da kunya ta rufe mata baki ba. Ya san cewa in an ce yaro ya kwana biyu ba lafiya, mai yiwuwa mako biyu ake nufi. Ya san kuma ba a cika faɗin maganin gargajiyar da aka sha ba sai an tambaya da lalama. Ga 'ya'yanmu da aka haifa a Kudu, waɗanda Yarbanci da Turancin buroka suka fi zama a bakinsu, wannan darasi ne da za su koya daga abokan karatunsu, ba daga malami ba.

A ɗauki misalin saran maciji. Kwarin Binuwai, daga Karim Lamido da Lau har zuwa Kaltungo ta Jihar Gombe, ƙasar kububuwa ce, wadda waɗansu ke kira gobe da nisa. Dafinta yana hana jini daskarewa. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi: a ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba. In an karkata aka ga bai daskare ba, dafi ya shiga jiki, sai allurar kashe dafi. Ɗalibin da ya yi aiki a asibitin ƙauye a wannan yanki ya ga manoma da yawa da aka kawo da damina, ya ga dasashi yana zubar da jini, ya ga ɓarnar da ɗaure ƙafa tamau da tsaga wurin sara suke yi. Ranar da malami ya zo kan wannan babi, shi bayani kawai ake ƙara masa a kan abin da idonsa ya riga ya gani.

INDA SABO YAKE CUTARWA

Sai dai fa icen da ya riga ya bushe a karkace, miƙe shi sai a hankali. Babbar wahalar tsohon ma'aikaci ita ce ya yarda cewa waɗansu abubuwan da ya shekara yana yi kuskure ne, Allah ne kawai Yake kiyayewa.

Ga allura. Yaron kemis yakan ɗauka ya gama sanin allura, alhali kuwa akwai babbar jijiya da ta bi ta cikin ɗuwawu ta sauka ƙafa. Shi ya sa ake koya wa nas ya raba ɗuwawu gida huɗu ya soka a kashin sama na waje, jarirai kuwa a cinya. In aka kuskure aka taɓa jijiyar, yaro yana iya tashi da shanyayyiyar ƙafa har iyakar ransa, iyaye su ce iska ce. Haka kuma mayar da murfin allura da hannu biyu bayan an yi amfani da ita, abin da ya zama jiki ga mutane da yawa, hanya ce ta soke kai a ɗauki ciwon hanta ko ƙanjamau.

Ga kuma lissafin magani, inda ido da kintace ba su da wuri. Likita ya rubuta a ƙara wa mutum ruwa mililita 500 cikin awa huɗu, robar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo 10,000 ke nan, a raba su cikin minti 240, ya kama wajen ɗigo 42 a minti. Wanda ya saba buɗe roba ya ce ai haka muke yi, in ya yi wa ƙaramin yaro ko mai ciwon zuciya haka, ruwa yana iya cika masa huhu. A makaranta dole ne ka nuna yadda ka yi lissafin, ka kuma rubuta abin da ka yi da lokacin da ka yi shi, ka sa hannu. Rubutun nan yana ba tsofaffin hannu haushi ƙwarai.

Babu inda sakaci ya fi tsada kamar wajen kare kai daga cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke yaɗawa, ya samo sunansa daga garin Lassa na Jihar Borno, kuma nas-nas ne suka fara biyan kuɗinsa. A 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kamu a can, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, sai da aka kai ta Amurka ta sha da kyar. Yau Taraba tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba kowane rani, tare da Ondo da Edo da Bauchi. Mazauna Ikko kuma ba su manta da 2014 ba, lokacin da Ebola ta kashe Dokta Stella Adadevoh da nas Justina Ejelonu. Sabon ɗalibi tsoro yakan sa ya wanke hannu ya sa safar hannu. Wanda ya shekara goma yana taɓa jini da hannu tsirara bai ga kome ba, shi ne ake fama da shi.

Akwai kuma batun girma. Dattijon da ake ce wa likita a ƙauyensu, ana kawo masa kaji da doya, yau ga shi sista sa'ar ƙanwarsa tana ce masa ya sake gyara gado don kusurwar zanen ba ta yi daidai ba. Wanda ya haɗiye wannan, shi ne yakan zama uban aji, yara suna koya masa Kemistiri da dare, shi kuma yana riƙe musu hannu a ɗakin majinyata.

KOYON AIKI BA SATIFIKET BA NE

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mazauna Kudu. A Ikko da Badun da sauran garuruwa an saba a kai yarinya asibitin kuɗi ta yi shekara biyu ko uku tana koyo, a biya mai asibiti, a yi bikin yaye ta, a ba ta takarda mai hatimi, a riƙa ce mata nas. Majalisa ba ta san da wannan takarda ba. Ba za a ɗauke ta aikin nas da ita a asibitin gwamnati ba, ba za a ba ta lasin ba, in kuma wani ya mutu a hannunta hukuma za ta ɗauke ta a matsayin mai aikin da ba nata ba. Abin da ta koya na haƙuri da sabo da majinyata yana nan, zai yi mata amfani in ta shiga makaranta ta gaskiya. Amma uban da ke da kuɗin abu ɗaya kawai, gara ya kashe su wajen gyara mata kiredit biyar ɗin nan. Kafin kuma a biya ko kwabo a wata makaranta, a tabbata sunanta yana cikin jerin waɗanda Majalisa ta amince da su, don makarantun bogi sun yi yawa, Kudu da Arewa.

Ma'aikatan lafiya na karkara da ake kira CHEW su dabam ne. Su suna da makaranta ta shekara uku, ƙananansu shekara biyu, suna da hukumarsu ta rajista da aka kafa a 1992, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora kiwon lafiyar ƙasar nan a kan asibitocin matakin farko. Su ne riƙe da yawancin ɗakunan shan magani na ƙauyuka, suna aiki da littafin umarni da ke gaya musu abin da za su yi da lokacin da za su tura mara lafiya gaba. In irinsu suka shiga makarantar nas, sun zo da riga-kafi da awon ciki da kula da yara masu tamowa a tafin hannu.

An taɓa gwada wata dabara a Arewa don 'yan matan karkara da kiredit ya hana shiga. Daga 2012 zuwa 2020 wani shiri mai suna Mata Don Kiwon Lafiya, da taimakon gwamnatin Ingila, ya yi aiki a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya har da Borno. Akan ɗauko yarinya ko matar aure daga ƙauyenta, a yi mata karatun share fage ta gyara sakamakonta, bisa alkawarin za ta koma ta yi wa mutanenta aiki. Taraba ba ta cikin shirin, amma ban ga abin da zai hana jiha ta kwaikwayi irinsa da kuɗinta ba.

Bukatar kuwa ba ta ɓuya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 43 kawai cikin 100 ake yi a hannun ƙwararre. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan Majalisa na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwa a wancan lokaci cewa an ƙara yawan ɗaliban da makarantun lafiya za su ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ƙara kujeru abu ne mai kyau, in an ƙara malamai da gadajen koyo. Amma tambayar da ake yi a nan ita ce, in an yaye su wa zai tafi Gembu, tafiyar yini guda daga Jalingo a kan tsaunin Mambila, ko ƙauyukan hayin Binuwai da sai da jirgin ruwa ake isa da damina? A nawa ganin, wanda ya fito daga can, iyalinsa da gonarsa suna can, ya fi saurin komawa bisa ga yaron da tun yana aji biyu yake tambayar yadda ake zuwa Ingila.

Saboda haka ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na jiha da ya sami gurbi, kada ya yi gaggawar ajiye aiki. Ya nemi hutun ƙaro ilimi a rubuce, ya karɓi amsa a rubuce kafin ya tashi, don albashinsa da shekarun aikinsa su ci gaba da tafiya. Masu turo 'ya'ya daga Kudu kuma su tuna makarantun jiha sukan fifita 'yan asalin jiha, kuma akan nemi takardar shaida daga ƙaramar hukumar da uban yaro ya fito. Wanda rabonsa da gida ya yi shekaru, gara ya aiko tun da wuri a nema masa ita wurin dagaci da sakatariya, kada sai an kafa sunaye a allo a fara neman wanda ya san kakan yaro.